Harshen Mis Ozella

Ranar Laraba da tsakar rana, Mista Cleon Pettway ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar gishiri. Nan take cokula suka daina ƙara a kan faranti.

A gidan abincin Mis Ozella kowane tebur yana da tasa kwalbar, amma ta ado ce. Shekara talatin da takwas ke nan tana dafa wa garinmu na jihar Alabama abinci a gefen layin dogo, kuma wanda ya ƙara gishiri a girkinta tamkar ya zage ta ne a ƙofar coci. Gishirin ma ya gaji da jira har ya daskare. Mista Cleon ya girgiza, bai fito ba. Ya buga gindin kwalbar a kan tebur, ya sake bugawa, sannan ya barbaɗa wa dafaffen ganyen da ke kwanonsa a hankali, ba kunya ba tsoron Allah.

Mis Ozella ta ga komai ta tagar da ake miƙo faranti.

Mako uku ke nan da dawowarta daga asibiti, inda zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara. Ƙafa ta dawo, murya ta dawo har da ƙari, amma harshe bai biyo ta gida ba. Kofi ya zama ruwan ɗumi. Soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara duk ɗaya suke a bakinta. Ba ta faɗa wa kowa ba, kuma tana da dalili. 'Yarta tilo, Renita, wadda ta shafe shekara ashirin tana kai wa mutane abinci a tebur, ta riga ta sayo kujera mai lilo ta ajiye a bakin ƙofa, wai Mama ta riƙa hutawa tana gaisawa da jama'a. Ozella ta rantse a ranta gara a ɗauke ta daga gaban murhu zuwa makabarta da ta zauna a wannan kujera. Saboda tsoron kada gishiri ya yi yawa asirinta ya tonu, sai ta riƙa sassauta hannu, kullum tana ƙara sassautawa.

Ta ture ƙofar kicin ta fito tana goge hannu, ta tsaya a kan Mista Cleon. Tare suka yi makaranta, kuma tun da matarsa ta rasu bai taɓa fashin cin rana a teburin nan na jikin taga ba.

"Cleon Pettway, hannunka ne ya zame, ko hankalinka?"

"Ganyen nan ba gishiri, Ozella."

"Ai likita ya hana ka gishiri."

"Ya hana ni da yawa. Bai ce in koma kiwo ba."

Wani ya so ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Mis Ozella ta juya ta dubi ɗakin, ta tambaya ko akwai wani mai ƙorafi. Mu mutanen garin nan mun iya a bar kaza cikin gashinta, gado ne. Mai aski ya rantse bai taɓa cin wake mai daɗin na yau ba. Matar fasto ta ce kuɓewar ta yi kyau ƙwarai, Allah ya yi wa hannun albarka, tana magana tana kallon kofin shayinta mai ƙanƙara. Direbobin motar katako uku da ke can ƙurya suka riƙa gyaɗa kai tun kafin a zo kansu.

Ita kuwa ba fuskokinsu take kallo ba, kwanukansu take kallo. A garinmu ba a barin romon ganye. Ana gutsura burodin masara a ciki a shanye, marar kunya ma ya ɗaga kwanon ya kai baki. Yau ga romo nan kwance a gindin kowane kwano. Sai a lokacin ta tuna mako uku ke nan tana zubar da shi a wurin wanke-wanke, tana ce wa kanta zafin bazara ne ya rage wa mutane ci. Ashe kullum suna zuwa, suna ci, suna yabo, suna fita. Zagi ba zai yi mata zafin da wannan tausayi ya yi mata ba.

Mista Cleon ya ajiye cokali, ya rage murya.

"Ni ba zan ci abincinki don tausayi ba, Ozella. Kin fi ƙarfin haka."

Ta koma kicin, ƙofar ta yi lilo a bayanta.

Kicin ɗin nan ba wanda yake tsallake bakinsa. Renita kanta iyakarta wurin ajiye kwanuka, ba ta taɓa sa cokali a tukunyar uwarta ba, domin Mis Ozella ba ta awo, ba ta rubutawa, ba ta koyarwa. Takan ce wanda yake son sanin sirrin girkinta ya jira ya tambaye ta a aljanna. Yanzu ga ta tsaye gaban babbar tukunyar ganye, tururi yana bugun fuskarta, ba ta jin ƙanshin komai. Hannunta ya kai ga igiyar rigar girkinta a baya, ya kama ƙullin kamar zai kwance, ya tsaya a nan.

Renita ta shigo da kwanuka, ta ajiye, ba ta fita ba.

"Tun yaushe kika sani?" in ji uwar, ba tare da ta juyo ba.

"Tun ranar da kofi ya ƙone kika shanye ba ki yi faɗa ba."

"Shi ne kika je kika sayo mini kujera."

"Don ƙafafunki na saya, Mama. Ba ruwana da harshenki."

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Mis Ozella ta saki igiyar, ta ɗauki dogon cokalin katako, ta ɗebo romo, ta miƙa gefe kamar mai ba da abin da ba nata ba. Renita ta dubi cokalin, ta dubi ƙasa inda iyakarta take, sannan ta yi taku uku ta karɓa.

Ta hura, ta kurɓa, ta riƙe a baki. Uwar ta zaci za ta ce a ƙara gishiri, magana ta ƙare. Renita ta ce gishiri kam ya gaza, amma ba shi kaɗai ba ne. An cire ƙyafaffen wuyan talotalon da ake dafa ganyen da shi da wuri, hayaƙinsa bai gama shiga ba. Ganyen wannan makon ya fi na wancan ɗaci, yana son ɗan sukari kaɗan, sannan a ɗiga ruwan tsamin da aka jiƙa barkono a ciki bayan an sauke, ba a kan wuta ba.

Mis Ozella ta juyo gaba ɗaya ta dube ta. Ruwan tsami bayan an sauke, wannan ko mijinta marigayi bai sani ba.

"Wa ya koya miki?"

"Shekara arba'in da huɗu ina ci, Mama."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wani abu ya cika ƙirjin tsohuwar, alfahari ne tsagwaronsa, amma ba a haife ta da bakin faɗin irin wannan ba. Sai ta mayar da wuyan talotalo cikin tukunya, ta zuba gishiri a tafin hannu yadda hannun ya saba tun kafin tsoro ya shige shi. Renita ta ce a ɗan ƙara. Uwar ta ce ita ba ta tambayi kowa ba, sannan ta ƙara. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna jira, a waje kuma ba wanda ya tashi daga teburinsa, har direbobin da ya kamata a ce sun kama hanya tuntuni.

Da aka sauke, aka ɗiga ruwan tsami, Renita ta sake kurɓa. Ta lumshe ido, kafaɗunta suka sauka.

Mis Ozella ta karɓi cokalin daga hannunta, ta ɗebo, ta hura, ta kai baki. Ruwan ɗumi ne kawai. Ta juya shi a kan harshe yadda ta saba yi shekara talatin da takwas, idonta a kan fuskar 'yarta, sannan ta haɗiye.

"Haka nake yin sa," in ji ta. "Ɗauko rigar girki a bayan ƙofa. Mu duba waken."