Inci Tara

Allurar ba ta yi zafin da Auta ta zata ba. Likitar ta kashe wurin, ta soka, ta haɗa wani siririn tiyo, ruwan gishirin ya shiga gangarowa cikin kwanon silba. Kafin minti ashirin, robobin nan biyu masu ruwa da aka sa mata a ƙirji don ciko nono shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan ta yaye 'yan biyunta, sun koma fanko. Ta hagun ce ta jawo duk wannan. Shekara guda ke nan ta yi tauri, tana hana ta kwanciya a gefen.

"Robobin suna nan ciki, sai ranar tiyata za mu fitar da su," in ji likitar tana cire safar hannu. "Ruwan kawai muka zubar, don fatar ta samu sati shida ta koma da kanta."

"In ta ƙi komawa fa?"

Likitar ta jawo takarda ta yi zane biyu. Na farko ɗan gajeren layi ne a ƙarƙashin nono, daidai kan tsohon tabon. Na biyu ya zagaye kan nonon, ya gangaro ƙasa, sannan ya ratsa daga gefe zuwa gefe.

"In ta koma, wannan ƙaramin. In ta saki da yawa, dole mu rage fata mu ɗaga, shi ne wannan babban."

Hannun Auta ya kai kunnenta na dama. Tun hujin ɗan kunne na biyu da ta yi tana budurwa, wurin ya toho da tudun nama kamar ƙwayar gyaɗa. Haka fatarta take, ko ƙunar dutsen guga sai ta tashi. Tsohon tabon tiyatar ma sai da aka yi wata takwas ana masa allura kafin ya kwanta. Ta ƙara duban dogon zanen.

Likitar ta ɗauko tef ta ɗora a ɗan ramin ƙasan wuya, ta ja zuwa kan nono. "Ku teloli da inci kuke aiki, ko? To yau goma ne. Ina son tara, ko ƙasa da haka. Duk sati wani ya auna ki, kina tsaye, hannu a sake, ki turo min. Ban da asfirin. Ban da taba, har hayaƙin ta wani. Kuma ki tanadi riguna masu maɓalli ta gaba, don ba za ki ɗaga hannu ba bayan aikin."

Shagon ɗinkin nasu, ita da yayarta, ɗaki ɗaya ne mai tsawo, kekuna uku a jere, teburin yanka a ƙurya, sai ɗakin gwaji da aka kare da labule. Shekara ashirin rabon aikin bai canja ba: Yaya ke awo da ɗinki, Auta ke yanka. Don haka ba a ma yi shawarar wanda zai auna ta ba. Ranar da sati ya cika, Yaya ta ja ta bayan labule, tef a wuya, fensir a kunne.

Auta ta juya wa madubi baya ta rufe ido. Tun ranar zubar da ruwan ba ta yarda ta kalli kanta ba.

"Miƙe sosai, sai ka ce wadda aka aika ta manta saƙon," in ji Yaya. Tef ɗin ya yi sanyi a fatarta. "Goma da rabi da kwata."

"Nawa?"

"Kin ji ni."

"Ƙaruwa ya yi ke nan, Yaya?"

"To jakar da aka zazzage ai sai ta langaɓe tukuna. Sa rigarki, ga mai kayan makaranta can tana jira."

Auta ta tura wa likitar lambar. Amsa ta zo gajera: a ci gaba da aunawa.

Auta ta bi dokokin kamar mai shirin jarrabawa. Ta kwashe maganin ciwon kan da ke aljihun tebur ta kai wa mai kemis ya tantance mata. Maigidanta, wanda sigari ba ta barin bakinsa in yana tuƙi, ta kafa masa sharaɗi: ko ya daina a mota, ko ta hau tasi. Ya kwana biyu yana huci, a na uku ya dawo da ledar alewa ya cika gaban motar da ita. Ta yanka wa kanta riguna huɗu masu maɓalli. Wata maƙwabciya ta aiko da man da ta rantse yana goge kowane irin tabo, Auta ta nuna wa likitar hotonsa, ita kuwa ta ce a ajiye shi, ba abin da zai taɓa ciwon sai ya haɗe.

Sati na biyu, goma da rabi. Na uku, haka. Na huɗu, goma da kwata.

Ranar awo na biyar Yaya ta daɗe tana duban tef ɗin kafin ta ce, "Goma cif."

Goma. Inda aka fara. Auta ta tura lambar, ba a jima ba likitar ta rubuto cewa ta zo jibi su zauna a kan babban yankan, ta san abin da za ta sa wa hannu.

Auta ta koma teburinta ta ɗauki almakashi, ta ajiye. Ta riga ta ga abin a ranta: layi uku a kowane gefe, kowanne ya tashi ya yi tudu, yana ƙaiƙayi, yana ja in ta miƙa hannu kan tebur. Gara ciwon da ta sani.

"Fasawa zan yi," ta ce.

Keken Yaya ya tsaya. "Ki fasa ki zauna da roba fanko a jiki? Kina da hankali kuwa?"

"Jikina ne."

"Jikinki ne, amma ni ke jin nishinki duk kika sunkuya."

Auta ta danna lambar asibitin, aka ce ta ɗan jira, aka sa mata kiɗa. Tana riƙe da wayar a kunne wata ma'aikaciyar banki ta shigo da yadi a leda, tana sauri, wai hutun rabin awa ta samu. Yaya ta miƙe ta zagaya mata tef.

"Ƙugu talatin da biyar. Auta, rubuta."

"A'a, Anti, tsaya," in ji matar. "Talatin da huɗu nake. Wata uku ina hana kaina abinci, kar ki mayar min da shi a baki."

Yaya ta yi dariya. "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Talatin da huɗu ɗin ne. Ni da rarar ɗinki nake faɗa, inci guda a kan komai, don mai yanka ta yanka kai tsaye. Bakina ya saba, ko a mafarki..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta waiwayo a hankali. Auta ta riga ta sauke wayar, kiɗan yana ta fita a tafin hannunta. Shekara ashirin tana yanka a kan lambobin Yaya ba ta ƙara ko zare ɗaya, don ta san an riga an ƙara.

"Yaya. Ni ma?"

Yaya ta dafe baki. "Innalillahi."

"Riga ce ni? Ɗinka ni za ki yi?"

"To ke da kike yankawa kullum, me ya hana ki tuna?"

Suka bar ma'aikaciyar bankin tsaye da yadinta. A bayan labule Auta ta fuskanci madubin, ido buɗe. Abin da ta gani bai kai munin da ta ƙiyasta ba. Yaya ta riƙe bakin tef ɗin a ƙasan wuya, Auta ta karanta da kanta a madubi, ta sa aka sake har sau uku.

Tara.

Da suka je asibiti, likitar ta saurari labarin ba ta katse su ba, sai da ta cire tabarau ta goge ido don dariya. Sannan ta auna da tef ɗinta, dama da hagu, ta kama fatar da yatsu biyu ta saki, ta duba yadda take komawa.

"Dama tara. Hagu tara da ɗan ɗigo. Zan yi ƙaramin." Ta dubi Auta. "Amma ki ji da kyau. Ba zai tsaya kamar da ba, zai ɗan kwanta. Kuma fatarki fatarki ce, ko ƙaramin zai iya tashi. Da ciwon ya haɗe za ki fara manna filastar silikon mai hana tabo tashi, wata uku ba fashi. In ya nuna alamar tudu, mu koma allura da wuri. Sati uku ba ɗaga hannu, ba almakashi."

"Na yarda."

"Sati uku?" in ji Yaya. "Wa zai yi min yanka?"

"Ke za ki yi," in ji Auta. "Sai ki ji yadda ake fama da lambobinki."

Nas ta kawo takardar. Auta ta karanta ta har ƙasa, ta nemi wurin da aka rubuta tsawon yankan, ta ga inci biyu a kowane gefe, a kan tsohon tabo. Ta sa hannu.

"Litinin, ƙarfe bakwai na safe," in ji nas ɗin. "Kar ki ci komai, kar ki shafa mai, ki zo da wanda zai mayar da ke gida."