Ƙafafun Lavon Tillery

Shekara ashirin da tara na yi ina yawo a mota daga wannan kwaleji zuwa waccan, ina duba wa ƙungiyarmu 'yan wasa. Yankina shi ne Mississippi da Alabama da rabin Louisiana. Sunana Hollis Renfro. Ni ma na buga ƙwallon Amurka a zamanina, irin wanda ake runguma a hannu, mai gudu ne ni, wanda ake danƙa wa ƙwallo a ciki ya kutsa tsakiyar ƙarti. Kakar wasa biyu na yi a manyan ƙungiyoyi, gwiwata ta hagu ta ce ta gaji.

Lavon Tillery yana da shekara goma sha bakwai na fara ganinsa, a filin wata sakandare a Sallis Bend. Ba aikina ba ne duba 'yan sakandare, wani tsohon abokina ne da ke koci a can ya matsa mini sai na zo. Lavon ne mai jifa, shi ke jagorantar wasa. Jifarsa ba laifi, amma gajere ne, kuma ƙwallon kan yi lilo in ya yi nisa. Sai aka rutsa shi, ya rasa wanda zai jefa wa, ya rungume ƙwallo ya zura. Mutum biyar suka kai masa hannu, babu wanda ya taɓa ko rigarsa. Na ajiye alƙalamina na miƙe tsaye.

Washegari mahaifinsa ya gayyace ni cin abincin rana. Mista Ardell Tillery direban babbar mota ne, yana kai kaji masana'anta, kuma dattijo ne a cocinsu. Aka soya tarwaɗa, ga burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara. Sai da muka ci muka ƙoshi ya ajiye takardu biyu a gabana.

"Mista Hollis, kwaleji biyu ke nemansa," in ji shi. "Ƙaramar ta ce zai ci gaba da jifa. Babbar ta ce a mai gudu take sonsa. Ni kaji na sani. Kai ka san wannan harka."

Lavon na gefe yana murza cokali. "Ni dai jifa nake so, yallaɓai."

"Kowa jifa yake so," na ce masa. "Tsayinka nawa? Ba a ɗaukar gajeren mai jifa. Amma waɗannan ƙafafun, in ka ba su shekara huɗu, a zagayen farko za a kira sunanka ranar da manyan ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa. Ni na gaya maka."

Mista Ardell ya dubi ɗansa. "To, ka ji."

Lavon ya tafi babbar kwalejin. Cikin shekara huɗu sun danƙa masa ƙwallo fiye da sau ɗari tara, kuma kowace danƙawa duka ce a jiki. Yana ta kafa tarihi, ni ina ta rubuta rahoto ina murna. Ban lura da kyau ba cewa wasan na sauyawa a gabana. Ƙungiyoyi sun koma jifa. Mai gudu, wanda a zamaninmu shi ne sarkin fili, ya zama kamar tayar mota, ta cinye a sa wata. Har gajerun masu jifa aka fara ɗauka, in dai suna da ƙafa.

Shekarar da Lavon ya shiga zaɓe mun yi mummunar kaka, saboda haka mu ne na tara a zagayen farko, don waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓa. Saura kwana goma aka tara mu a ɗakin taro da safe, masu duba 'yan wasa da kociyoyi, ga allo ya cika bango da sunaye. Babban manajanmu Dale Pruchnik shekararsa talatin da takwas, bai taɓa sa hular wasa ba, ta lissafi ya shigo harkar. Mu tsofaffi a bayan idonsa Malam Kwamfuta muke ce masa. Amma ba mugu ba ne, kuma yana sauraron mutum har ya kai aya.

Na miƙe na yi kusan minti ashirin ina magana a kan Lavon. Da na zauna Dale ya ce, "Hollis, wa ya fi kowa iya ƙwallo a allon nan?"

"Lavon Tillery."

"Na yarda."

"To me muke jira?"

"Bara sau nawa aka kayar mana da mai jifa?"

Kocin masu gadi, wato masu tsare mai jifa, ya amsa daga baya, "Hamsin da biyu. Ni na ƙirga, don ni ake zagi."

Aka yi dariya. Dale bai yi ba. Ya je allo ya taɓa wani suna, Curt Halvorsen, wani ƙaton ɗan manoma daga Dakota, mai gadin hagu, wanda ke tare wa mai jifa bayansa inda idonsa ba ya gani.

"Wurare huɗu ne ba a samun mutanensu a kan hanya," in ji shi. "Mai jifa, da mai tsare masa baya, da mai farautar mai jifan abokan gaba, da mai bin masu cafe ƙwallo. Wanda ya samu nagari a cikinsu ba ya sakinsa, in kuwa ya fito kasuwa tsadarsa sai ta karya ƙungiya. Mai gudu fa? A zagaye na biyar zan samo maka wanda zai yi kashi huɗu cikin biyar na aikin Lavon. Nuna mini wanda zai yi rabin aikin Halvorsen a zagaye na biyar."

"Halvorsen bai kai Lavon ba," na ce. "Ko kusa."

"Bai kai ba. Amma shekara goma zai yi mana."

"Ka taɓa ganin Lavon da idonka? Ba a kwamfuta ba?"

"Sau uku, tsoho. Har tsigar jikina ta tashi." Ya sassauta murya. "Ba mutumin nake ƙi ba. Wurin da yake tsayawa nake aunawa."

Babu wanda ya goyi bayana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun kafin ya gama na san ba ƙarya yake ba.

Ran Alhamis da safe, ranar zagayen farko, Mista Ardell ya kira ni. Ya ce sun karɓi zauren coci, an kawo babbar talabijin, an sayi tarwaɗa da za ta ishi mutum ɗari biyu. Bai tambaye ni komai ba, ya san doka ta hana ni faɗa. Ya dai ce, "Na tara ne ku, ko?" Na ce e. Ya ce, "Allah ya yi mana jagora," ya kashe waya.

Muka ɗauki Halvorsen. Aka yi tafi a ɗakinmu, ni ma na tafa. Zagayen farko ya ƙare, ƙungiya talatin da biyu, babu wadda ta kira Lavon.

Ran Juma'a ba mu da zaɓi a zagaye na biyu, mun yi musayarsa tun bara. Ina zaune ina jiran in ji wata ƙungiya ta kira shi in huta. Shiru. Likitoci sun ga hoton gwiwoyinsa, labari ya zaga. Har aka shiga zagaye na uku, layi ya zo kanmu, sunan Lavon na nan shi kaɗai a saman allo, duk na kusa da shi an cire. Muna da minti biyar.

Dale ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. A hannunsa akwai sunan wani mai bin masu cafe ƙwallo daga Oregon, wanda ni ban ma ga wasansa ba.

"Hollis, yanzu kam zan iya ɗaukarsa," in ji shi a hankali. "Kai ka san shi tun yana yaro, kai ka yi wannan aikin da jikinka. Gaya mini gaskiya. Shekara nawa suka rage a ƙafafun nan?"

Da na ce bakwai, da ya ɗauke shi. Na san haka a lokacin, na san haka yanzu. Kuma kocinmu mutum ne mai tattalin masu gudu, yana raba aiki tsakanin biyu, da a wurinmu ƙafafun sun fi daɗewa. Amma na ga yadda Lavon ke saukowa daga motar ƙungiya bayan wasa, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, hannu a jikin ƙofa. Haka nake sauka a shekarata ta ƙarshe.

"Huɗu," na ce. "In an yi sa'a."

Dale ya ɗan jima yana kallona, ya dafa kafaɗata, ya miƙa wa mai waya sunan ɗan Oregon.

Sai ran Asabar da rana, a zagaye na huɗu, wata ƙungiya daga arewa ta kira Lavon. Na ga hoton a talabijin. Zauren cocin ya yi fili, mutanen da suka rage ba su kai talatin ba. Yana sanye da kwat ɗin da ya ɗinka don ran Alhamis, yana murmushi, mahaifiyarsa na kuka a ƙirjinsa.

Ran Litinin na yi ta maza na kira Mista Ardell.

"Sau uku muka soya kifi, Mista Hollis," in ji shi. "Ran Asabar ni da limamin coci muka cinye saura." Ya yi 'yar dariya. "Sau biyu kuka wuce shi."

"Haka ne, yallaɓai."

"To. Na gode da kira."

Shekarar farko Lavon ya fi duk sababbin 'yan wasa gudu. Jaridu suka yi ta yi mana ba'a, mun bar zinariya mun ɗauki buhun dankali. Ƙungiyarsa ta gane abin da ta tsinta da araha, ta riƙa danƙa masa ƙwallo sau ashirin da biyar a kowane wasa. Bayan shekara uku ya nemi sabuwar yarjejeniya, aka ce ya bari kaka ta ƙare. A watan Nuwamba na shekara ta huɗu, ana yayyafi, wani ya faɗa masa a gefen gwiwar dama. Ina kallo a wani masauki a Tuscaloosa. Tun kafin a maimaita hoton na kashe talabijin. An yi masa aiki sau uku. Kafin bazara suka sallame shi, suka ɗauki wani a zagaye na biyar.

Halvorsen ya yi mana shekara goma sha ɗaya. A ta biyar muka ci kofi, kowa ya samu zoben nasara har da ni.

Ban sake taka Sallis Bend ba sai da abokina koci ya kira ya ce Mista Ardell ya rasu, zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki. Na yi tuƙin awa shida. Na zauna a layin baya na cocin.

Da aka gama addu'a, mutum shida suka fito ɗaukar akwatin gawa. Lavon na gaba ta hannun dama. Shekararsa ashirin da takwas, ya yi ƙiba kaɗan, ya jingine sandarsa a jikin benci. Suka ɗaga. Taku huɗu ya yi ƙafar ta lanƙwashe, akwatin ya karkata, mata suka yi salati irin nasu. Wani ƙanen mahaifinsa ya yi wuf ya karɓi hannun. Lavon ya tsaya a tsakiyar hanya, hannunsa a buɗe, akwatin ya wuce shi. Matarsa ce ta kawo masa sandar.

A maƙabarta na tsaya nesa. Da jama'a suka fara watsewa shi ya tako wurina.

"Mista Hollis. Ka tsufa."

"Kai ma ba ka ƙara kyau ba."

Ya yi murmushi. Na yi masa ta'aziyya, na ce mahaifinsa mutumin kirki ne. Ya gyaɗa kai.

"Kocinku na masu gadi ya dawo ƙungiyarmu a shekarata ta biyu," in ji shi. "Ya ba ni labarin zagaye na uku. Huɗu ka ce, ko?"

"Haka na ce."

"Uku da rabi na yi. Har ka yi mini gyara."

"Lavon, ni ne na..."

"Bari, yallaɓai." Ya ɗaga hannu. "Shekara biyu na yi ina tsara abin da zan gaya maka in mun haɗu. Dogon jawabi, har da zagi. Yau kuma ba ni da ƙarfinsa." Ya dubi inda ake tura ƙasa. "Baba bai sani ba. Ban taɓa gaya masa ba. Har ya mutu yana cewa manajan nan ne ya ƙi jin maganarka."

Na tambaye shi aikin me yake yi yanzu, ya ce yana ofishin masana'antar kaji, shi ke tsara wa direbobi hanya, a zaune. Ya ce ba ya kallon wasa ran Lahadi, yana kai mahaifiyarsa coci su dawo su yi barci.

"Za a ci abinci a gida," in ji shi. "Mama ta gan ka. In ka tafi ba ka gaisa da ita ba, ni za ta tsare da tambaya."

An ajiye motoci can bakin titi, ga ciyawa a jiƙe. Muka kama hanya mu biyu, shi da sanda, ni ina jan tawa ƙafar. Kowa ya riga mu isa. Matarsa ta tayar da mota ta zauna tana jira, ba ta yi mana oda ba.