Layi Biyu, Ranar Haihuwa Ɗaya

Aikina a ofishin rajistar mutane shi ne kula da rumbun bayanai. Kowane mutum layi ɗaya ne a jadawalin sunaye, da lambarsa, kuma sauran jadawalai duk a wannan lambar suke rataye: na iyaye, na adireshi, har da namu na ma'aikata. In ka goge layin mutum, duk abin da ke rataye da shi sai ya bi shi. Haka Tsoho ya tsara, wanda ya koya mini aikin, mutumin da ba ya rabuwa da rigar sanyi saboda sanyin ɗakin kwamfutoci.

Ran nan da safe aka ce in share mutanen da aka shigar sau biyu. Na rubuta umarni: in iyaye ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya, adireshi ɗaya, a bar layin farko a goge na biyu. Dokar Tsoho ita ce a fara da rumbun gwaji mai koren allo, na gasken kuwa ja ne. Ni da kullum nake yi masa tsiya wai ya cika tsoro, ko launin ban duba ba. Na danna, na tabbatar. Ashe ja ne.

Da na karanta jerin waɗanda suka tafi, sai na gane kuskurena. Na manta da tagwaye, alhali ni ma tagwaye aka haife mu. Layin yayata, wadda ta riga ni fitowa da minti goma, yana nan. Nawa babu.

Tsoho bai yi faɗa ba. Ya ce kwafin rumbun na jiya yana ajiye, in dawo da shi maza, don ƙarfe sha biyu na rana na'ura za ta rubuta sabo a kansa. Saura minti ashirin. Ya fita ya sanar da shugabar sashe.

Na sa sunana da kalmar sirri, na'ura ta ce ba ta san ni ba. Sau uku. Ina ta ja mata tsaki Tsoho ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona cikin ladabi.

"Baiwar Allah, nan ba a shigowa. Masu rajista can gaba suke bin layi."

Tsoho bai iya zolaya ba, shi ya sa tsoro ya kama ni. Na ɗago katin aikina da ke wuyana in nuna masa, sai na ga gurbin hoto fari fat. Na roƙe shi ya dawo da kwafin da kansa. Ya ce ba ya taɓa rumbu a kan maganar baƙuwa, kuma shi bai ga abin da ya ɓace ba.

Saura minti biyu na kira gida. Ina jin ƙarar keken ɗinkin yayata a bayan muryar Mama.

"Mama, ni ce, ƙaramarki."

Ta amsa da muryar nan da take lallashina da ita in ba ni da lafiya.

"Allah sarki, 'yar nan, kin yi kuskuren lamba. Ni 'ya ɗaya Allah ya ba ni."

A bayana na'ura ta yi ɗan ƙara. Tsoho ya leƙa allo, ya gyaɗa kai, ya ce sabon kwafi ya kammala lafiya lau.