Rawar Maribel

Duk unguwar nan ta kan dutse a birnin Monterrey na ƙasar Meziko babu wanda bai haddace waƙar kumbiyar da Anselmo ya tsara ba, makaɗin akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa. Labarin ɓarayin mota biyu ce: Fulgencio, wanda kwaɗayi ya sa ya tona asirin amininsa ya cinye ganima shi kaɗai, da Nicanor, wanda ya sha dukan 'yan sanda bai ambaci sunan kowa ba. Waƙar ta ciyar da Anselmo, ta sa masa sutura.

Yau kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Matar marigayi Fulgencio ce ta ɗauko shi kiɗan bikin cikar 'yarta Maribel shekara goma sha biyar, don shi ne mai araha. Yarinyar da ta tashi yara suna bin ta da amshin waƙarsa.

Lokacin rawar uba da 'ya ya yi. Maribel ta tsaya tsakar fili cikin doguwar riga, babu mai kama hannunta. Wani da giya ta ɗebe ya ɗaga murya: "Anselmo, sako mana ta maci amana mana!"

Sai ga Nicanor ya shigo, ya rame, furfura ta cika kai, kwanan nan aka sako shi daga kurkuku. Anselmo ya sunkuyar da kai. In mutumin nan ya nemi waƙarsa, wa zai hana?

"Kai, tsohon maroƙi," in ji Nicanor, "ka ci abinci da sunana har ka yi tumbi. Buga min ita."

"Haba Nicanor, a nan?"

"Kiɗan kawai. Ka buɗe baki in cusa maka akodiyan ɗin a ciki."

Anselmo ya ja kiɗan a hankali, tausayi da kunya suka cika shi. Nicanor ya cire hula ya miƙa wa yarinyar hannu. Da suka juyo kusa, Anselmo ya ji tana tambayar Nicanor.

"Kawu, gaskiya ne abin da waƙar ta faɗa?"

"Gaskiya ne, 'yata. Amma baiti ukun nan kaɗai wancan maroƙin ya sani. Ni shekara ashirin na yi da babanki. Matso, in ba ki sauran."