Mai Sayen Gidan Kafinta

Kafinta na tsaka da goge ƙafar kujera lokacin da Dogo, dillalin da ya ba wa tallan gidansa, ya faɗo shagon yana haki.

"Baba, kar ka sallama wa matar nan! Wani ya taya, har ya ɗara ta."

Matar da yake nufi ma'aikaciyar jinya ce. Ta ga gidan, ta taya, kuɗinta a hannu, ta ce zuwa la'asar take jiran amsa. Kafinta kuwa a matse yake. Mai shagon da yake haya ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya kwashe katakonsa, shi ya sa yake son sayar da gidan ya sayi wani mai shago a gaba.

"Wane ne?" ya tambaya.

"Wani dattijo ne mai sana'a. Da ya sayar da nasa gidan zai biya."

"Ka gan shi?"

Dogo ya sosa ƙeya. Bai gan shi ba. Abokin aikinsa ne ya ji daga wani, wanin ma daga wani. Haka dillalai suke, ba sa bari mai saye da mai sayarwa su san juna, ko unguwa ba sa faɗa, kada a zagaye su la'ada ta bi ruwa.

Kan Kafinta ya ɗaure. Bai huce ba wayarsa ta yi ƙara. Mai Hula ne, ɗaya dillalin da ya sa ya nemo masa gida mai shago.

"Kawu, an dace! Ga shago a gaba, ga tsakar gida kamar filin ƙwallo. Na ma taya maka, sai dai wata mata na neman riga ka. Ka ƙara wani abu."

Ya ƙara. Bai ajiye wayar da kyau ba ta Dogo ta ɗauki ƙara, Dogo ya saurara, ya washe baki.

"Baba, dattijon ya sake ƙarawa!"

Daɗi ya kama Kafinta, tsoro ma ya kama shi. Tunda nasa gidan ya yi daraja haka, me zai hana ya ƙara wa Mai Hula? Ya kira ya ƙara. Dattijon can ma, Allah ya yi masa albarka, ya sake ƙarawa. Kafin azahar Kafinta ya rasa gane ko arziki yake yi ko tsiya. Ya kira ma'aikaciyar jinyar ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai, dama akwai wani gidan da ta gani. Ya kira matarsa ya ce magana ta ƙare, kada ta sake buɗe wa masu duba gida.

Da yamma ya tubure sai ya ga abin da zai saya. Mai Hula ya ja, ya ja, sannan ya goya shi a babur, suka bi yaran dillalai daga wannan kwana zuwa waccan, kowa na miƙa su ga na gaba. Kafinta ya ga shagon mai aski da ya sani. Ya ga famfon da ke zuba. Ai unguwarsu ce wannan.

Babur ya tsaya a ƙofar da Kafinta da kansa ya sassaƙa. Dogo na tsaye a wurin, ya sha sabuwar riga, yana jiran mai saye.

"Baba, kai kuma me ya kawo ka?"

"Ina shagon?" Kafinta ya tambayi Mai Hula.

Mai Hula ya nuna ɗan ɗakin da su Kafinta ke ajiye gawayi.

Kafinta ya kira ma'aikaciyar jinyar. Ta ce ai yanzun nan ta biya wancan, Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Mai Hula, da har yanzu bai gane komai ba, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi sallama, ya ce an kawo mai saye.

"Ku yi haƙuri," matar Kafinta ta amsa daga ciki. "Maigidan ya ce an riga an sayar."