Sharar da 'Yardada Ta Kai Kanti

Ranar da likita ya hana 'Yardada sunkuyawa, ɗanta Hashim bai yi wata-wata ba, ya gyara mata ɗaki a gidansa na bayan gari, ya ce ta tattara ta bar Mandawari. Hujjarsa ɗaya ce: matar da sana'arta ɗinkin hula, ɗakinta kullum cike da guntayen zare, wa zai riƙa share mata? 'Yan aiki uku ta sallama, laifinsu ba sa kai tsintsiya ƙarƙashin gado.

Ita kuwa gara a hana ta goro da a raba ta da gidan da ta yi shekara arba'in da shida a ciki. Da ta ji labarin wata na'ura mai yawo ita kaɗai tana shara, sai ta ce a kai ta ta gani. Hashim ya yarda, amma da sharaɗi: in na'urar ta gaza, sai ƙaura.

A wani kanti kusa da Ƙofar Wambai, mai kantin, Ɗayyabu, ya jera musu guda uku a kan tayil mai sheƙi, ya dafa mafi tsadar.

"Hajiya, wannan ita ce ƙarshe. Tana magana, tana zana taswirar gida, da waya ma ake sarrafa ta."

"Ɗan nan, ba abokiyar hira na zo nema ba."

Ta buɗe jaka ta fito da baƙar leda, ta zazzage ta a tsakiyar kantin. Sharar ɗakinta ce ta kwana uku, wadda ta sa maƙwabciya ta tara mata: zare ja da kore da ruwan ƙwai, ɓawon gyaɗa, da ƙasar da ke zubowa daga rufin azara. Kunya ta kama Hashim, ya kau da kai yana gyara hularsa.

"Haba Inna, a kantin mutane?"

"Ko gero sai an tauna ake saye. Kunna ta."

Mai tsadar ta taso da isa, ta faɗa cikin zaren, ya nannaɗe mata buroshi, ta tsaya cak ta yi wani Turanci.

"Me ta ce?"

"Wai a taimaka mata," in ji Ɗayyabu a sanyaye.

"Tun ba a je ko'ina ba?"

Mai arahar kuwa ture ɓawon gyaɗar ta yi ta yi daga wannan bango zuwa wancan. Saura guda ɗaya, wata baƙa marar ado, mai buroshin roba. Wallahi tsoro 'Yardada ta ji, har ta fara hango kwaɗo a ƙofar gidanta.

Baƙar ba ta ce uffan ba. Ta bi zaren ta haɗiye, ta kwashe ƙasar tas. 'Yardada ta kwantar da sandarta a gaban na'urar, ita kuwa ta haye ta wuce. 'Yardada ta tambayi Ɗayyabu ko ana samun batirinta da buroshinta a nan Kano, ya jawo kwali guda ya nuna mata.

Sai tsohuwa ta rangaɗa guɗa, har masu wucewa suka leƙo.

Mota ba ta shiga lungunsu, don haka Hashim, da babbar rigarsa, shi ya ɗauko kwalin a ka. A bakin zaure ta dube shi a kaikaice.

"To, ɗakin da ka gyara fa?"

Ya sauke kwalin, ya daɗe yana kallon tsakar gidan da ya yi rarrafe a ciki. Sai ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Inna, da baƙar nan ta gaza, ni ban san da wane hannu zan rufe gidan nan ba."

"Shigo mini da ita, ka bi a hankali da dokin ƙofa," in ji ta.