Karen da Ya Gane Mai Sayen Gida

Wata bakwai Marisela Ybarra, dillaliyar gidaje a birnin Phoenix na Amurka, tana fama da gidan Mista Pruitt, wani tsohon direban tirela. Bashin da banki ke binsa ya fi ƙarfin kuɗin gidan, don haka babu ciniki sai banki ya yarda ya karɓi abin da ya samu ya yafe sauran. Masu saye uku sun gaji da jira sun gudu. Na huɗun, wani mai gyaran wuta da ake kira Royce, shi ya daure har amincewar bankin ta fito, ana gab da yin gwanjon gidan.

Sharaɗin bankin mai zafi ne: kada mai saye ya zama dangin mai sayarwa, na jini ko na aure, kuma dole tsohon ya tashi. Kowa zai rantse a rubuce, har dillaliya. Wanda ya yi ƙarya, maganar ta gidan yari ce.

Ran Alhamis da hantsi ta kai Royce zagayen ƙarshe. Daga bakin ƙofa ta ɗaga murya.

"Mista Pruitt, ka ɗaure wannan shaiɗanin?"

"Yana baya, Madam. Ya ƙoshi, yau ba ya cin dillalai."

Karensa Tank suke nufi, ƙaton baƙin kare wanda ya taɓa yaga mata siket, ya kuma kori wanda banki ya turo ya ƙiyasta kuɗin gidan har saman mota.

Suna cikin kicin ƙofar baya ta buɗe da ƙarfi. Marisela ta manne da firiji. Karen ya wuce ta kamar bai gan ta ba. Ya dafe ƙirjin Royce yana kukan murna, sannan ya kwanta ya ba da ciki.

"Sauka, wawan banza," in ji Royce, yana sosa masa bayan kunne. Sai hannunsa ya tsaya.

Marisela ta dubi kwalayen kayan tashi da aka jera jikin bango, ta taɓa ɗaya da takalmi. Ya zame kamar babu komai ciki. Na biyun ma haka.

"Wane ne shi a wajenka, Mista Pruitt?"

Tsohon ya ja kujera ya zauna. "Mijin 'yata ne."

"Ka san abin da za mu rantse a kai gobe?"

"Na sani. Na kuma san Litinin za su buga ƙararrawar gwanjo a kan gidan da matata ta rasu a ciki. Ina kike so in je da wannan bayan nawa mai ciwo?"

"Lasisina na dillanci ne zai tafi, Mista Pruitt. 'Ya'ya biyu gare ni."

Royce ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Me kika gani, Madam? Kare kika gani. Kin taɓa jin an kira kare shaida a kotu?"

Ya yi dariya shi kaɗai.

Washegari a ofishin da ake kammala ciniki, surukan suka gaisa kamar baƙi. Da takardar ta iso gabanta, Marisela ta yi lissafi. In ta ture ta, tsohon ya kwana a titi, wahalarta ta wata bakwai ta tashi a banza. Ta sa hannu.

Tun daga ranar, duk lambar da ba ta sani ba in ta kira sai ta yi ta kallon wayar kafin ta ɗauka. Ta daina bin unguwar.

Bayan wata biyu wani aiki ya tilasta mata ratsawa ta layin. Ga Mista Pruitt tsaye a farfajiya da gajeren wando yana ba shuka ruwa, a gaban kowa. Da ya hango motarta, mai sunanta da hotonta a jikin ƙofa, ya ɗaga mata hannu da fara'a.

A ɗaya gefen titin wata farar mota ce a tsaye. Mutumin ciki ya ɗauki hoton gidan, ya ɗauki na tsohon. Sannan ya fito, ya tsaya tsakiyar hanya yana karanta jikin motarta.

Ta taka birki. Ya ƙwanƙwasa gilas da yatsa ɗaya.

"Madam Ybarra? Banki ne ya turo ni. Ke kika sayar da gidan nan, ko?"